Ƙugiya da Igiyar Ƙarfe: Kewar Zamanin Ark Royal

Mai karatu, yau za mu ɗan jingine labaran soyayya gefe guda mu leƙa teku.

Ranar 27 ga watan Nuwamba na shekarar 1978, a tsakiyar Bahar Rum, wani jirgin yaƙi samfurin Phantom ya tsaya a goshin wani ƙaton jirgin ruwa na sojojin Birtaniya mai suna Ark Royal, injinansa biyu suna ta aman wuta. Jami'in da ke tsaye a gefe ya ba da alama, tururi ya fizgi jirgin ya wurga shi sama. Shi ke nan. Tun daga wannan rana Birtaniya ba ta sake cilla jirgin sama da ƙarfin tururi daga doron jirgin ruwanta ba, ba ta kuma sake tare wani da igiyar ƙarfe ba. Su kansu matuƙan sun daɗe da sanin ranar tana tafe, domin kuwa runduna ta 892 mai tuƙa waɗannan jirage ta zana harafin Omega a wutsiyar kowane jirginta, wato harafin ƙarshe a abajadin Girkawa. Tun suna tsakiyar aiki suka rubuta wa kansu takardar sallama.

Da yawanmu a fim ɗin Top Gun na 1986 muka fara ganin wannan abu, a kaset ɗin bidiyo: jirgi ya taho da gudun tsiya, ya doki doron jirgin ruwa, wata igiya ta riƙe shi cak kamar an ja linzamin doki. To amma abin da fim ɗin bai faɗa mana ba shi ne, manyan dabarun da suka sa Amurkawa ke wannan bajinta da jiragen jet, Turawan Birtaniya ne suka ƙirƙiro su, sannan su da suka ƙirƙira suka zo suka rasa su. Har gobe in ka saurari hirar tsofaffin matuƙan wancan zamani sai ka ji suna maganarsa kamar mai tuna amaryarsa ta fari. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne, barar da suke tunawa ta ci abokansu da yawa. To me suke kewa?

Bari mu faro daga matsalar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu doron jirgin dakon jirage miƙaƙƙe ne, tun daga gindi har goshi. A ɓangaren baya an gicciya igiyoyin ƙarfe, shi kuma jirgin sama yana da ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya. A tsakiya akwai shingen waya, a gaban shingen kuma jiragen da suka riga suka sauka ne a jere, wasu da mai a ciki, ga ma'aikata suna kai da kawo a tsakaninsu. A can baya ta hagu akwai wani jami'i, shi ma matuƙi ne, riƙe da wasu abubuwa biyu masu kama da faifai, yana ba da hannu: ka yi sama da yawa, ka yi ƙasa, karkata nan. In ya ga an zo daidai sai ya ba da alamar a sauke totur, jirgi ya faɗo, ƙugiya ta cafki igiya. In ba ta cafka ba sai shinge. In jirgin ya yi tsalle ya haure shingen kuwa, to sai a kan 'yan'uwa.

Da jirage masu farfela wannan tsari yana tafiya, ko da yake da ɗingishi, saboda suna iya tahowa a hankali, kuma da zarar matuƙi ya ba inji wuta nan take yake amsawa. Jet ba haka yake ba. Ya fi nauyi, ba ya iya rage gudu sosai ba tare da ya faɗo ba, sannan injinan farko suna da nawa: ka tura totur sai ka ƙirga daƙiƙu kafin ƙarfi ya zo. Mutumin da ya ga yana nitsewa zuwa gindin jirgin ruwa ba shi da waɗannan daƙiƙun. Mai ba da hannu ma abin ya fi ƙarfinsa, don kafin ya gani, ya ɗaga faifai, matuƙi ya gane, ya gyara, jirgi ya riga ya iso.

Wanda ya fara gwada sauke jirgin da jet ne zalla a kan jirgin ruwa wani ɗan tsurut ne mai suna Eric Brown, wanda abokansa ke kira Winkle, sunan wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi na bakin teku, saboda gajartarsa. Ba baƙon wuya ba ne. A Disambar 1941 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin da yake aiki a kai, Audacity, ya kwana yana yawo cikin ruwan sanyi, akasarin waɗanda suke tare da shi a ruwan ba su ga wayewar gari ba. A farkon watan Disamba na 1945 ya ɗauko wani ɗan jirgi mai suna Vampire ya dire shi a kan jirgin ruwa Ocean, wanda tsawonsa gaba ɗaya bai fi filin ƙwallo biyu da 'yan kai ba, ya kuma sake tashi da shi. Wannan mutum kafin ya ajiye aiki sai da ya sauka a kan jirgin ruwa sau 2,407, ya tuƙa jirage iri daban-daban har 487, kuma babu wanda ya kamo shi a ko ɗaya. Ya rasu a watan Fabrairun 2016, tsoho tukuf, a gadon asibiti. Amma fa abin da Brown ya iya ba shi ne abin da yaro ɗan shekara ashirin da biyu da ya fito daga makarantar tuƙi zai iya ba, kuma da irin waɗannan yaran ake cika runduna.

Neman mafita ya kai Turawa ga wata dabara da in ka ji sai ka yi dariya. Suka ce tun da tayoyi nauyi ne, a cire su, a shimfiɗa katafariyar tabarmar roba a doron jirgi, jet ya zo ya faɗa a kanta da ciki. Ba wasa suke ba. An gwada a Farnborough, aka kuma gwada a kan jirgin ruwa Warrior a 1948 zuwa 1949, kuma Brown ɗin nan ne dai ya fara faɗawa. Abin ya yiwu. Sai dai jirgin da ba shi da taya ta yaya za a janye shi da sauri kafin na bayansa ya iso? In kuma ya koma tudu, a ina zai sauka? Aka watsar da maganar, amma ba ta tafi a banza ba.

A watan Agustan 1951 ana zaman tattauna wannan tabarmar roba, wani kyaftin mai suna Dennis Cambell ya kawo shawarar a karkatar da wurin saukar zuwa hagu kaɗan, maimakon ya bi tsawon jirgi ɗoɗar. Shi da wani injiniya Lewis Boddington suka bi maganar suka gano cewa ba roba kaɗai za ta amfana ba. In hanyar sauka ta karkace, to gabanta ba jirage ba ne, ba mutane ba ne, teku ce fetal. Wanda ƙugiyarsa ta kuskure igiya sai kawai ya wuce, ya tashi, ya kewayo ya sake gwadawa. Daga nan ne aka samo al'adar da ake bi har yau, wadda ta saɓa wa hankalin duk wani direba: da zarar taya ta taɓa doro sai matuƙi ya ba inji wuta gaba ɗaya. In igiya ta kama, za ta tsayar da shi duk da haka. In ba ta kama ba, yana da ƙarfin tashi. A 1952 aka shafa fenti a karkace a kan jirgin Triumph aka gwada, Amurkawa kuwa da suka ji labari ba su tsaya jira ba, suka gyara jirginsu Antietam suka fara gwaji a farkon 1953.

Dabara ta biyu ita ce na fi so, saboda yadda aka same ta. Wani matashin hafsa injiniya kuma matuƙi, Nicholas Goodhart, shi ya yi tunanin a sallami faifai a sa madubi. Labarin da ake bayarwa shi ne, a ofis ya ari ɗan madubin kwalliyar sakatariya da jan-bakinta, ya ja layi a tsakiyar madubin, ya kunna tocila, ya ce ta taho tana kallon hasken tocilar a cikin madubi, kada ta bari ya bar kan layin. Tana tahowa tana rusunawa ba tare da kowa ya ce mata komai ba, har haɓarta ta sauka a kan tebur daidai inda yake so. A kan jirgin ruwa sai aka kafa babban madubi a gefen hagu, aka sa masa na'urar da ke hana shi bin tangaɗin teku, aka jera korayen fitilu a dama da hagunsa. Matuƙi yana hango wani dunƙulen haske ruwan ɗorawa a cikin madubin. In dunƙulen ya hau saman layin korayen fitilu, ya yi sama da yawa. In ya faɗa ƙasa, to yana neman dukan gindin jirgi. Babu mai fassara tsakaninsa da gaskiya, idonsa ne kawai. Daga baya an maye gurbin madubin da fitilu masu gilashi na musamman, amma tunanin na Goodhart ne, kuma da shi ake aiki har yanzu.

Ta uku ta tashi ce, ba ta sauka ba: majaujawar da Colin Mitchell ya ƙera, wadda ke ɗiban tururi daga tukunyar injin jirgin ruwa ta cilla jirgi mai nauyin tan ashirin cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. An gwada ta a kan jirgin Perseus daga 1950, Amurkawa suka gani a 1952 suka karɓa hannu bibbiyu.

Mai karatu zai zaci daga nan wahala ta ƙare. Ina! Dabarun sun rage mutuwa, amma su ne kuma suka buɗe ƙofar kawo jirage masu ƙarin nauyi da ƙarin gudu, jiragen ruwan Birtaniya kuwa ƙanana ne, akasarinsu tun lokacin yaƙi aka faro ƙirarsu. Dubi lissafin. Jirgi samfurin Scimitar guda 76 aka ƙera, 39 suka salwanta a haɗari. Sea Vixen guda 145 aka ƙera, 55 suka tafi ta wannan hanya, kuma ba abokin gaba ne ya harbo ko ɗaya ba. A cikin Sea Vixen ɗin ma mutum na biyu, mai lura da na'urar hango jirage, a wani ɗan akurki yake zama a gefen dama cikin cikin jirgi, inda ba ya ganin komai sai ta wata 'yar taga. Su da kansu suka raɗa wa wurin suna ramin gawayi. Yana zaune cikin duhu, ransa a hannun wani, yana jiran ya ji ko ƙarar igiya ko ta ruwa. A can Amurka kuwa, a shekarar 1954 kaɗai jirage 776 sojojin ruwa suka yi asara a haɗurra, alhali an riga an tsagaita wuta a Koriya.

Alƙaluma ba sa zubar da hawaye, don haka bari in ba da labarin mutum ɗaya. Ranar 25 ga Satumbar 1958 aka gayyato 'yan jarida da masu ɗaukar fim kan jirgin Victorious, wanda aka gama yi wa gyara na shekaru, domin su ga isowar sababbin jiragen Scimitar. Kwamandan rundunar da kansa, John Russell, ya taho ya sauka lafiya lau, ƙugiya ta kama. Sai igiyar ta tsinke. Gudun da ya rage masa bai isa tashi ba, bai kuma isa tsayawa ba, jirgin ya gangara a hankali ya faɗa teku. Jirgi mai saukar ungulu da ke jiran irin wannan rana ya iso nan take, aka zuro mutum da igiya har kan jirgin, yana ta fama da murfin gilashin, Russell na fama daga ciki. Murfin bai ba da hanya ba. A gaban kyamara jirgin ya nutse da shi, kuma an nuna hoton a gidajen silima. Bai yi kuskuren komai ba. Duk wanda zai yi mini maganar daɗin wancan zamani, ina so ya fara ajiye wannan hoton a gabansa.

Duk da haka ba zan ce kewar tasu ta banza ce ba. In ka natsu ka saurare su, ba mutuwa suke yabo ba, gwaninta suke tunawa, irin wadda ba a sayenta kuma ba a yin ƙaryarta. Jirgin Phantom yana isowa da gudun da ya kai kilomita 240 a sa'a, igiyoyin da zai kama 'yan ƙalilan ne, tsakanin kowace da 'yar'uwarta taku goma sha wani abu, doron kuma yana hawa yana sauka, yana kuma gudu yana barinka. Cikin daƙiƙa biyu mutum ya tashi daga wannan gudu zuwa tsayuwa cak. A rundunar Amurka kowace sauka sai an ba ta maki, a liƙa a allo a ɗakin matuƙa kowa ya gani, kuma ƙaramin hafsa mai lura da sauka yana iya tsayawa gaban kwamanda ya gaya masa cewa saukarsa ta yau ba ta yi ba, kwamanda ya haɗiye. A ina kuma ake samun wannan a aikin soja? Da dare kuwa abin ya wuce misali. Ba wata, ba sararin da ke raba sama da ruwa, sai 'yan fitilu can ƙasa kamar an yar da garwashi cikin rijiya, mai yana ƙarewa, tudu mafi kusa ya fi ƙarfin abin da ya rage a tanki. A zamanin yaƙin Biyetnam likitocin Amurka sun maƙala wa matuƙa na'urar auna bugun zuciya, suka tarar zuciya ta fi dukan uku-uku a lokacin komowa kan jirgin ruwa fiye da lokacin da ake jefa bam. Mutumin da ya yi wannan sau ɗari, ya fito ya tarar da abokansa suna jiransa da tsiya da dariya, ka ce ya koma gida ya yi ta ban-ruwan fulawa bai tuna ba?

Akwai kuma yadda abin ya ƙare, wanda shi ma ya ƙara wa miyar gishiri. A 1966 gwamnatin Birtaniya, Denis Healey na ministan tsaro, ta soke shirin ƙera sabon babban jirgin dakon jirage, ta ce kuɗin ya yi yawa. Daga nan aka riƙa sallamar tsofaffin ɗaya bayan ɗaya: Victorious, Centaur, Eagle, shi kuma Hermes aka cire masa majaujawa da igiyoyi. Ark Royal kaɗai ya rage, jirgin da aka fara ƙerawa tun 1943 a Birkenhead amma bai shiga aiki ba sai 1955. Tsoho ne mai yawan laulayi, har sai da aka riƙa ciro kayan gyara daga jikin ɗan'uwansa Eagle ana lallaɓa shi. A 1976 BBC ta bi shi tafiya ta yi shirin talabijin mai suna Sailor, mutanen Ingila suka zauna a falo suna kallon matashin matuƙi yana kuskure igiya yana sake kewayowa, suna riƙe numfashi tare da shi. Sai da jama'a suka gama sanin jirgin suka ƙaunace shi, sannan aka ce musu saura shekara biyu.

Ba a kuma daɗe ba aka ji rashinsa a jika. A 1982 Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland, Birtaniya ta tura rundunarta da ƙananan jiragen dako ɗauke da Sea Harrier, jirgin da ke sauka a tsaye ba ya bukatar igiya. Sea Harrier ya yi rawar gani, ba mai musu. Amma tare da Ark Royal aka sallami wani mummunan jirgi mai farfela, Gannet, wanda aikinsa shi ne ya hau sama ya hango abokan gaba tun daga nesa, kuma ba ya iya sauka a kan jirgin ruwa sai da igiya. Ba tare da shi ba, jiragen Ajantina suka riƙa tahowa ƙasa-ƙasa dab da ruwa ba a gan su ba sai sun iso. Ranar 4 ga Mayu makami mai linzami ya samu jirgin Sheffield, mutum 20 suka mutu. A nan dai tsofaffin suna da hujjar da ta wuce ta zuci.

Yau Birtaniya tana da manyan jiragen dako biyu, Queen Elizabeth da Prince of Wales, kowanne ya fi Ark Royal girma nesa ba kusa ba. Ba su da igiya, ba su da majaujawa. Jirgin F-35B yana zuwa ya tsaya a iska gefen jirgi, ya matso, ya sauko a hankali, kwamfuta na riƙe da mafi yawan aikin. Amurkawa da Faransawa sun ci gaba da ƙugiya, amma ko a Amurka an sa wa jirage manhajar da ke riƙe wa matuƙi layin gangarowa, kuma tun ranar 10 ga Yulin 2013 wani jirgi marar matuƙi, X-47B, ya sauka da kansa a kan jirgin George H.W. Bush ya kama igiya. Tsofaffin sukan taɓe baki su ce yaran yanzu ba su san tuƙi ba. A ganina nan ne suka so su zarme. Abin da Cambell da Goodhart suka tashi yi ke nan tun farko, su rage abin da ya rataya a kan gwanintar mutum ɗaya a daƙiƙar ƙarshe. Kwamfutar nan jikanyar madubin sakatariya ce. Kuma waɗanda muke jin muryarsu suna yabon zamanin su ne waɗanda suka tsira. Russell da mutanen ramin gawayi ba a yi hira da su ba.

Shi kuwa Ark Royal, ya koma tashar Devonport a farkon Disambar 1978, aka raba jiragensa aka ba sojojin sama. Mutane sun yi ta kiraye-kirayen a mai da shi gidan tarihi, ba a samu kuɗin ba. A watan Satumbar 1980 aka ja shi zuwa Cairnryan a Sukotland, 'yan gwangwan suka shiga yankansa, aikin da ya ɗauke su har 1983. An tsirar da anga guda, wato ƙaton ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsai da jirgi, aka kafa a tsakiyar birnin Plymouth inda masu cefane ke wucewa ta gefensa. A gidan tarihin jiragen sojan ruwa da ke Yeovilton kuma an gina kwaikwayon doronsa a cikin wani babban zaure, da Phantom da Buccaneer a jere kamar suna jiran a ba su hannu. A gidan ne kuma aka ajiye ɗan Vampire ɗin da Brown ya dire a kan Ocean a 1945, mai lamba LZ551, wanda gangar jikinsa rabi katako ne.